An Rufe Shari'ar Sherifa Tana Cikin Takaba

Hajiya Zakiya Abdulmutalib,
Sufeton Makarantu mai ritaya,
Kanvili, Tamale.

14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Lauyoyi, Reshen Arewa,
Tamale.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN OFISHIN LAUYOYI NA WAHID DA ABOKANSA, BISA JANYEWA DAGA SHARI'AR FILIN SHERIFA MAJEED TANA CIKIN TAKABA, ƘARƘASHIN ABIN DA SUKE KIRA "SABON TSARI"

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin sauraron tsofaffi, ina sanar da kai cewa tun bayan Babbar Sallah wata magana ke yawo a Kanvili da Dabokpa, a gidan suna, a wurin addu'a, har cikin yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Wai ofishin Wahid na sayar da shari'ar matan da mazansu suka rasu. Wai da zarar miji ya kwanta dama, sai abokin shari'a ya bi ta ƙofar baya da ambulan, lauyoyi kuma su yi kamar sun manta ranar kotu. Mma Rahimatu mai kawo mini nono ce ta fara zuwa mini da ita. Ta rantse, ta sake rantsewa, ta ce mata uku ke nan, kuma ai ruwa ba ya tsami banza.

Ni kuwa na ƙare ƙarfina ina zagaya makarantu, na ga ruwa da yawa da ya yi tsami banza, na kuma ga wanda ya ruɓe ba wanda ya ji warinsa. Ba na karɓar magana don kawai bakuna da yawa sun tauna ta. Ga shi ɗaya daga cikin matan ukun ɗiyar ƙanena marigayi ce, Sherifa Majeed ta Jisonayili. Saboda haka na ɗaura zanena na bi maganar da ƙafata, kuma abin da na samo shi nake gabatar maka a madadinta, da izininta. Da gangan na rubuta da Hausa. Turancin na iya shi, da shi na ci abinci har na yi ritaya. Amma ina so a karanta wa Sherifa kowace kalma kafin ta sa hannu, kai ma na san a zango ka tashi, ba sai an nemo maka tafinta ba.

1. A shekarar 2022 ne Sherifa da mijinta, marigayi Abdulfatawu, suka kai ƙara kotu a kan filinsu na Jisonayili. Sunansu su biyu ne a takardar filin, domin da shanunsa da wagashinta, wato cukun da take sayarwa, aka saye shi. A kansa ɗakunansu suke, da garken da ake tatsar nonon da take dafawa. Wani mai buga bulo, Alhaji Abukari, ya fito da tasa takardar yana cewa shi ma an sayar masa, abin da ba sabo ba ne a gefen garin nan, ka fi ni sani. Tsohon Lauya Wahid ne ya karɓi shari'ar, ya kuma samo umarnin kotu cewa kada kowa ya aza ko bulo ɗaya a wurin sai an yanke hukunci. Wannan umarni shi ne katangar gidan Sherifa. Ba ta da wata.

2. Zan yi adalci, domin ba na son a ce tsohuwa ce ke kukan zamanin da. Tsohon ofishin Wahid ba aljanna ba ne. Na sha zama a bencinsa daga hantsi har la'asar. Fayiloli a ƙasa, fayiloli a kan kujera, gara ta ci rabonta, magatakarda ɗaya ne ya san inda komai yake, ranar da zazzaɓi ya kama shi kuwa ofis ɗin ma ya kwanta. Don haka da na ji a watan Janairun bana cewa ɗansa, Lauya Yazeed, ya karɓi ragama, ya kuma ɗauko masana daga Ankara, babban birnin ƙasa, su gyara yadda ake aiki, murna na yi. An yi biki, an yanka ƙyalle, an raba lemo. Aka raɗa masa suna Sabon Tsari. Ma'aikatan dai "sistem" suke ce masa, da irin muryar da muke ambaton ƙaddara. Na ga gyare-gyare irin wannan a harkar ilimi har na gaji da ƙirga su, kowanne da tutarsa da takensa, kuma darasi ɗaya na fita da shi: kada ka tambayi sabon tsari abin da ya kawo, zai faɗa maka da kansa ko ba ka tambaya ba. Tambaye shi abin da ya zubar.

3. Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Abdulfatawu bayan gajeriyar jinya, 'yan kwanaki bayan zuwansa na ƙarshe ofishin. Sherifa ta shiga takaba. Dangi suka tattara kayansa, har da wayarsa, suka kulle a akwati sai ranar rabon gado, kamar yadda ake yi a kowane gida da na sani. Lauya Yazeed ya zo ta'aziyya ranar addu'ar bakwai. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya shafa fatiha, aka kawo masa farantin masa ya ci. Da zai tashi ya ce wa 'yan'uwan mamaci kada maganar fili ta dame su, wai tana hannu. Ina roƙon ka riƙe wannan kalma, zan dawo mata.

4. Ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, yayan marigayi, Malam Nuru, ya bar shanu ya shigo gari don ya sanar da ofishin rasuwar a hukumance, ya kuma nemi a mayar da lambar waya zuwa ta Sherifa. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce masa Sabon Tsari bai yarda a karɓi magana daga bakin kowa ba sai mai shari'a da kanta, ta zo da katin ɗan ƙasa, na'ura ta dubi fuskarta. Ya ce tana takaba. Aka ce Allah ya jiƙan rai, in ta fita ta zo. Ba a rubuta zuwansa ko'ina ba, wai babu gurbin da ake sa maganar wanda ba mai shari'a ba. Ba kuma wanda ya ce masa akwai agogon da ke tafiya. Mutumin ya koma gida da kwanciyar hankali, ya ce wa Sherifa lauyoyi sun ce ba gaggawa.

5. Sherifa ta yi azumi a ɗaki, ta yi Ƙaramar Sallah da Babba a ɗaki. Ta fita a tsakiyar Yuni. Makon da ta fita tifa ta juye yashi a bakin garke. Malam Nuru ya ruga kotu, aka duba aka gaya masa cewa tun farkon Mayu ofishin Wahid ya shigar da takardar janyewa, kuma ranar Talata, 27 ga Mayu, da aka kira shari'ar ba kowa daga ɓangaren masu ƙara, sai alƙali ya kore ta. Umarnin hana gini ya faɗi tare da ita. Ban ga laifin alƙali ba, abin da ke gabansa ya duba. Yau da nake wannan rubutu ramin harsashin gini ya ratsa tsakanin madafin Sherifa da garkenta. Sai ta tsallake shi da ƙwaryar nono a ka.

6. Daga nan jita-jita ta samo ƙafa, daga nan ni ma na fara binta. Na fara da sauran matan biyu, waɗanda suka roƙe ni in sakaya sunayensu har sai ka buƙata. Ta farko a Dabokpa take, abokin shari'arta ƙanin mijinta ne, mai facin taya, wanda rigarsa ta Juma'a ma aro ce. Da me zai sayi lauya, da iskar taya? Ta biyun kuwa da ɗan haya take shari'a, shi kuma tun bara ya gudu Kumasi, har yau bai ma san ya yi nasara ba. Ba abin da ya haɗa abokan shari'ar nan uku. Abin da ya haɗa matan ne: duk bayan Janairu mazansu suka rasu, kuma duk sun zauna takabarsu yadda aka koya musu.

7. Na je wurin Alhaji Abukari a ma'aikatarsa ta bulo. Na san uwarsa, don haka ban yi masa kwana-kwana ba, na tambaye shi nawa ya ba su. Ya yi dariya har ya dafa injin. Ya ce Mma, da ya san ana sayarwa ai da tun bara ya saya ya huta da jelen kotu. Ya ce lauyansa ma da ya ga takardar janyewar tsorata ya yi, ya ce ko tarko ne, su ɗan dakata. Da suka ji shiru ya yi yawa sai shi Alhaji ya ce to, wannan rabo ne daga Allah, kuma ba a mayar wa Allah kyauta. Ba na ƙaunar mutumin. Amma na tsufa ina duban idon yara masu ƙarya, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ya raka ni bakin titi cikin ladabi, ya ƙara da cewa in gini ya kai linta, ko kotu ta dawo sai dai a yi maganar diyya, ba ta rushewa ba. Ko haka doka take, kai ne masani. Abin da ni na gani shi ne ya ƙara leburori.

8. Ranar Talata, 1 ga Yuli, na shiga ofishin da kaina. Gilashi ko'ina, sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, wata na'ura a bakin ƙofa ta tofo mini lamba. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci, cewa abokin hulɗa shi ne gaba da komai. Aka haɗa ni da Malama Fadilatu, mai muƙamin Jami'ar Kula da Sauyi. Yarinya ce mai tarbiyya, ba zan ɗauke mata wannan ba, har ƙasa ta gaishe ni. Ta ɗauka sha'awa ce ta kawo ni, ni ma na bar ta a haka, domin mai alfahari da aikinsa ba ya ɓoye komai.

Ta nuna mini wani babban allo mai haske, kowace shari'a da launinta. In mai shari'a yana zuwa, kore. In ya yi wata bai nuna fuska ba, rawaya, sai sistem ya fara aika masa saƙo a waya. In ya cika wata uku, ja. Daga nan sistem da kansa ke rubuta takardar janyewa, ya jera ta da 'yan'uwanta, lauya ya sa hannu ranar Juma'a kafin masallaci. Ta ce a da irin waɗannan ne ke cika ofis, suna cin lokaci ba su da mai su, amma yanzu an share da yawa, har masanan Ankara sun ba su allon yabo. Ga shi can kuwa a rataye, an goge shi yana ƙyalli. Na tambaye ta wa ya zaɓi wata uku. Ta ce haka manyan ofisoshi ke yi a Ankara da ƙasashen waje, an gwada an gani. Sai na ce mata, 'yata, Allah ya ja da ran babanki, amma in ta Allah ta kasance, wata nawa mamanki za ta zauna a ɗaki? Ta juya ta kalli allon nan. Sannan ta ce ba wanda ya kawo wannan a taron bita.

Ranka ya daɗe, a kan wannan ne zuciyata ta tashi, har yau ba ta kwanta ba. Baƙin da suka zo daga Ankara ba na tuhumarsu, abin da suka sani suka sayar. Amma waɗanda suka zauna a taron bitar nan suna tafi 'ya'yan Tamale ne. Kowannensu ya taɓa kai tuwo ƙofar ɗakin mai takaba. Aka ce musu wata uku da Turanci, ba wanda uwarsa ta faɗo masa a rai.

9. Ranar Asabar, 5 ga Yuli, aka yi rabon gadon Abdulfatawu. Aka buɗe akwati, aka sa wayar a wuta. Saƙonni suka dinga zubowa. Ni na karanta wa Sherifa, domin duk da Turanci suke. Kowanne na farawa da kiransa abokin hulɗarmu mai daraja. Akwai tunatarwa, akwai wata tunatarwar, akwai gargaɗin ƙarshe. A tsakaninsu akwai ɗaya da ke yi masa barka da Sallah, da fatan ya ga ta baɗi. Sai sanarwar janyewa. Na ƙarshen kuwa roƙonsa yake ya ba ofishin taurari, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda ya ji daɗin hidimarsu. Ba zan rubuta abin da Sherifa ta yi da ta ji wannan ba, takardar hukuma ce. Wayar tana wurina, ban goge komai ba.

10. Ranar Talata, 8 ga Yuli, na samu ganin Lauya Yazeed. Ya zauna a ajina a firamare kafin in zama sufeto, ni na koya masa cewa huɗu ta fi uku, kuma a lokacin ya gane. Bai musa ba cewa hannunsa ne a takardar janyewar. Ya ce ranar Juma'a tari guda ake kawo masa, kuma amfanin Sabon Tsari ke nan, kada lauya ya ɓata lokaci yana sake karanta abin da sistem ya riga ya tantance. Na tuna masa tabarma, na tuna masa masar da ya ci, na tuna masa "tana hannu". Ya ce, Mma, ai ranar a matsayin ɗan unguwa ya je, ba a matsayin lauya ba, kuma abin da ya ji a tabarma ba ya cikin bayanan ofis. Ban taɓa sanin cewa mutum na cire kunnuwansa ya rataye su tare da baƙar rigar kotu ba, sai ranar.

Na ce to, an yi kuskure, a gyara. Ya ce ƙwarai, Sherifa ta zo da katinta a buɗe mata sabon fayil a matsayin sabuwar mai hulɗa, ta bi layi, kuma gurbin ganin lauya mafi kusa sai Satumba. Na ce kai ne shugaba, ka tsallakar da ita. Ya ce abin da ba zai yi ba ke nan. Wai sauyin bai gama kama ƙasa ba, ma'aikata na zuba ido su ga ko shugaba zai karya doka, in ya karya sau ɗaya kowa zai koma gidan jiya, a koma zamanin wa ka sani. Ya faɗi wannan da fuskar mai gaskiya, kuma na yarda ya gaskata abin da yake faɗa. Na shugabanci mutane, na san wahalar raba su da tsohuwar al'ada. Amma ban taɓa ganin an dasa itace a kan ƙirjin mutum don saiwa ta kama ba. Ka sani kotu na tafiya dogon hutu a watan Agusta. Alhaji Abukari shi ma ya sani, leburorinsa kuwa ba su da hutu.

11. Daga can na wuce Dabokpa wurin tsohon Lauya Wahid. Su Yazeed sun ba shi laƙabin Uban Ofis sun karɓe makulli, masanan kuma sun sa shi cikin waɗanda suka kira masu turjiya ga sauyi. Na same shi ƙarƙashin dogon yaro yana sauraron rediyo. Na tambaye shi, a zamaninsa me yake yi in mai shari'a ta shiga takaba? Ya ce ba komai. Can ya ce, to, yakan dai hau babur bayan Juma'a ya je gidan, ya zauna a bakin ƙofa, labule a tsakani, ya gaishe ta, ya faɗa mata inda shari'a ta kwana. In ana buƙatar sa hannu sai ya miƙa wa wata tsohuwa takarda ta shigar. Na ce, da masanan nan suka manna 'yan takardu masu launi a bango suka ce kowa ya lissafa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu wannan? Ya ce a'a. Wai aiki suka tambaya, wannan kuwa ba aiki ba ne, gaisuwa ce.

Amma masanan sun ga babur ɗin ofis na fita ba tare da wata shari'a a gaba ba, suka sa masa suna zirga-zirga marar amfani, suka soke. Na ce ba ka yi magana ba? Ya ce ya ɗauka man fetur kawai suka hana, yaran za su ci gaba da zuwa da kansu, ai ba a koya wa mutum gaisuwa. Na ce masa, Alhaji, ana koyarwa, kuma ka ga abin da rashin koyarwa ya haifa. Shi ma ban wanke shi ba. Shekara da shekaru yana riƙe da ginshiƙin ofishinsa bai san ginshiƙi ba ne, aka zo gyara aka zare shi yana kallo. Garin neman gira aka rasa ido, mai idon kuma yana zaune yana jan carbi.

12. Na san abin da za su ce maka, bari in rage musu wahala. Za su ce ai addini ya yarda mai takaba ta fita don lalura. Na sani. Na karanta, na sha faɗa a taron mata har aka raɗa mini 'yar boko, kuma ni kaina ban yarda da rabin abin da muke ɗora wa mai takaba ba, domin ba daga littafi ya fito ba, daga bakin surukai ne. Amma lalura sai an san da ita ake fita dominta, kuma wanda aka aika ya tambayo an ce masa in ta fita ta zo. Bayan haka, kai ɗan garin nan ne. Ka san abin da za a ce da matar da aka gani a ofishin lauya tana bin fili ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba. Ofishin da ke cin abinci a Tamale da Tamalen da ke nan zai yi aiki, ba da wadda ke cikin littafi ba, balle wadda ke Ankara.

Bisa waɗannan dalilai, cikin girmamawa nake roƙon ofishinka mai albarka da ya ɗauki waɗannan matakai:

(a) A umarci ofishin Wahid da Abokansa ya shigar da buƙatar mayar da shari'ar Sherifa da umarnin hana gini kafin kotu ta tafi hutu, ba layi, ba sabon fayil, kuma ba a wuyanta ba. Wannan shi ne na gaggawa. In ba za ka karanta komai a takardar nan ba, ka karanta wannan layin.

(b) A yi haka ga sauran matan biyu, a kuma sa wani daga waje ya duba duk shari'ar da allon nan ya mayar ja tun Janairu. Uku muka sani don sun yi kuka da ƙarfi.

(c) A dakatar da janyewa ta tari. Kada lauya ya sake sa hannu a kan janyewa sai ya ji muryar mai shari'a ko ta danginsa da kunnensa, wanda yake zuwa ta'aziyya da shi.

(d) A buɗe gurbi a cikin tsarin don rasuwa da takaba, a karɓi saƙo daga wakilin da iyali suka sani, a sa Hausa da Dagbanci cikin saƙonnin waya. A dawo da zuwa gidan mai takaba, amma a wannan karon a rubuta shi a matsayin aiki, da sunan wanda ke yinsa, tunda mun ga abin da ke samun abin da ba a rubuta ba.

(e) Ba na neman a rushe Sabon Tsari, benci da gara ba su fi shi ba. Ba na kuma neman a kori Malama Fadilatu ko matar teburin baƙi, duk da na san su ne za a fara nuna maka, domin igiya ta wurin siriri take tsinkewa. Hannun da ke kan takardar na lauya ne mai lasisi, kuma ka fi ni sanin abin da ƙa'idar sana'arku ta tanada.

A shirye nake in bayyana gabanka duk ranar da ka kira, tare da Sherifa da Malam Nuru da wayar marigayi. Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, tsufa ne da abin da ido ya gani. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya kuma sa ranar da za a bar naka iyalin su samu mai tuna su.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Hajiya Zakiya Abdulmutalib

An karanta mini daga farko har ƙarshe, kuma haka abin yake:
Sherifa Majeed, Jisonayili

Ƙari, don Mma Rahimatu da duk wanda za a karanta wa wannan takarda: ba wanda ya sayi shari'ar Sherifa, ba wanda ya sayar da ita. Ofishin na rufe fayil in mai shi ya yi wata uku bai zo ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma.